Ban-ruwan ɗigo a lambunan gida na Sudan

Ban-ruwan ɗigo hanya ce ta shayar da shuka ta siraran tiyo masu ƙananan kafofi, waɗanda ke sakin ruwa kaɗan-kaɗan a gindinta. Da Larabci ana ce masa rayy bit-tanƙiɗ. Kafa ɗaya takan zubar da lita 2, 4 ko 8 a awa.

A Sudan an fi sabawa da ban-ruwan kwari, wato sakin ruwa ya bi tsakanin kunyoyi. Shi ne ginshiƙin noman Jazira, yankin da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, manyan rassan kogin Nilu biyu, tun da aka kammala madatsar Sinnar a 1925, kuma da shi akasarin masu lambu ke aiki a bakin kogin Nilu, har da Hausawan garin Mai Wurno. Kwari yakan ɓarnatar da kusan rabin ruwan da aka saki, ɗigo kuwa, in an shimfiɗa shi daidai, yana kai kusan kashi 90 cikin 100 ga saiwa. Sai dai bai rage ƙishirwar shukar ba, ɓarna kawai yake ragewa, kuma a nan ne da yawa ke yin kuskure.

Ana auna buƙatar shuka da milimita: milimita 1 daidai take da lita 1 a kan murabba'in mita 1. Tumatir yakan sha milimita 400 zuwa 600 daga dashe zuwa tsinka, albasa 350 zuwa 550. Ruwan saman Khartum na shekara guda bai kai milimita 200 ba, yawancinsa tsakanin Yuli da Satumba. A bazara, wato Afrilu da Mayu, rana da iska na iya janye kusan milimita 8 a yini daga fangalin da ganye ya rufe. Ke nan fangalin kuɓewa mai murabba'in mita 10 zai nemi lita 80, jarka huɗu. Da kafofi 20 masu lita 4, awa ɗaya ta wadatar. Da hunturu buƙatar takan sauka, kuma tumatir ya fi albarka a lokacin, domin zafin bazara na kakkaɓe masa fure.

Ƙasa ita ke nuna yadda za a raba ruwan. Baƙar lakar Jazira mai tsagewa tana riƙe danshi, ruwa na bazuwa gefe, don haka ana iya tsallake kwana. A jigawar Kordofan ruwa na zarcewa ƙasa kai tsaye, sai a matso da kafofin kusa da juna, a buɗe safe da yamma.

Itatuwan tsakar gida lissafinsu daban ne. Darbejiya, magarya ko aduwa da suka kafu sun fi son a ƙosar da su a kuma ƙyale su kwanaki. Yayin da itace ke girma ana janye tiyo daga gindi zuwa inda inuwarsa ta tsaya, domin can saiwoyin shan ruwa suke. Haɗa su a layi ɗaya da salak ko lalo kan bar ɗayansu cikin wahala.

Babban abokin gabar ɗigo toshewa ce. Shuɗin Nilu yana sauko da laka mai yawa daga tsaunukan Habasha a damina, kuma in babu matatar ruwa sai kafofi su toshe. Masu lambu kan bar ruwan ya kwanta a tanki da ke bisa dandamali kafin su buɗe. Ruwan rijiya mai zartsi kuma yakan tara gishiri fari-fari a gefen inda ya jiƙa, wanda ake wankewa da ruwa mai yawa kafin sabuwar shuka.