Lauyan waɗanda aka riga aka ɗaure: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Kusan duk mako sai wani ɗalibin Kongo (sashen shari'a na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya) ko mai bautar ƙasa ya tare ni da tambayoyin nan a kan aikin ɗaukaka ƙarar waɗanda aka yanke wa hukunci. Ga su a rubuce, in huta.

Akwai kuɗi a ciki?

Babu. Mutumin da ya shekara shida a ɗaure, tuni danginsa suka sayar da gonar. Mai son kuɗi ya nufi shari'ar filaye.

Sai na gama makarantar lauyoyi?

Kafin ka tsaya gaban alƙali, e. Kafin nan, ka bi babban lauya kana riƙe masa fayil, ko ka leƙa ofishin Legal Aid, hukumar da aka kafa tun 1976 don marasa hali.

Masu jiran shari'a ma suna ciki?

Haba ƙanena! Wannan ba a yanke masa hukunci ba, me za ka ɗaukaka? Beli za ka nema masa, ko ka kai sunansa lokacin da Babban Jojin jiha ke zagayen gidajen gyaran hali.

Wa'adin ɗaukaka ƙara ya wuce, shi ke nan?

A'a, amma kada ka yi wa uwar fursunan alkawari. Daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Kaduna kwana 90 ne, daga can zuwa Kotun Ƙoli kwana 30. In sun wuce, sai ka roƙi ƙarin lokaci da takardar rantsuwa: me ya jawo jinkirin, kuma wane kuskure ne a hukuncin. Dole biyun su haɗu. "Ba mu da kuɗi" kaɗai ba kasafai take wadatarwa ba, ko da yake wasu alƙalan kan sassauta wa wanda ke tsare ba lauya. Sannan ka yi lissafi. Ana rage wa mai kyakkyawan hali sulusin wa'adinsa, to mai yiwuwa ya fito kafin a saurari ƙarar. Duk da haka wani zai ce a ci gaba, sunansa yake son wankewa. Shi za ka tambaya, ba kawunsa ba. Akwai kuma afuwar gwamna a sashe na 212 na kundin tsarin mulkin 1999, sai dai yawanci ba a duba ta muddin ƙara na gaban kotu.

Me ya fi wahala?

Samo kwafin shari'ar. Na yi wata huɗu ina sintiri wata kotu, ƙarshe aka zaro fayil ɗin a ƙasan kabad, gara ta cinye shaidar mutum biyu.

Ina tsoron shiga gidan yarin Ƙofar Doka da ke Zariya.

Kowa ya ji haka ranar farko. Ka tafi da katin shaida da biro biyu, wayarka a bakin ƙofa za ka bar ta.