Rigimar matsafi da mayaƙi a D&D ba yau ta fara ba

Duk wanda yake zama teburin Dungeons & Dragons (wasan da kowa ke riƙe da gwarzo ɗaya, ana jefa dayis a yanke abin da zai faru) ya san wannan musun, cewa matsafi na fin mayaƙi ƙarfi. Da zarar gwarazan sun girma sun haura mataki na 9 ko 10 sai ka ji mai riƙe da mayaƙi ya fara ƙorafi, shi dai sara biyu ne a zagaye, matsafi kuwa surkulle ɗaya zai yi faɗan ya ƙare tun layi bai zo kan kowa ba. Daga nan kowa ya fito da maganinsa, wani ya ce a rage yawan surkullen, wani ya ce a tsawaita hutu, wani ma ya ce a tsayar da wasan a mataki na 6 kowa ya huta. Abin da yake damuna shi ne yawancin masu musun suna magana kamar a bugu na 5 na 2014 matsalar ta faɗo.

Farkon labarin kowa ya sani. Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan a 1974, tsarin tsafin kuma daga littattafan Jack Vance aka aro shi, matsafi ya haddace surkulle da safe, yana furta shi ya goge daga kansa sai kuma gobe. A mataki na 1 surkulle ɗaya tal gare shi, babu sulke, rai ɗan kaɗan, kuma a AD&D (bugun wasan da ya biyo baya) sai ya tara makin gogewa 2,500 kafin ya hau mataki na 2 alhali 2,000 sun ishi mayaƙi. Yarjejeniyar kenan, ka sha wuya a farko, in ka rayu ka gagara.

To amma ko da ya gagara ɗin, da takunkumi a bakinsa, kuma nan ne mutane suke tsallakewa. A bugu na 2 na 1989 tun kafin a jefa dayis a san wa zai riga wa, sai ka faɗi surkullen da za ka yi. A teburin da ake lissafin saurin makami, Fireball, surkullen ƙwallon wuta, na ƙara maka 3 a kan abin da ka jefa, wuƙa 2 kawai take ƙara wa mai ita, kuma mai ƙaramar lamba ne ke fara motsi. Ka ga matsafi tsaye, hannu a sama, baki na motsi, ba halin kauce wa komai, wani ƙaramin dodo, goblin, ya riga shi ya ɗan yanke shi a hannu, ko makin rai 1 ne ya cire masa shikenan surkullen ya zube kuma ya fita daga kansa kamar ya yi amfani da shi. Saboda haka dole wani ya tsaya a gabansa, kuma wannan wanin mayaƙi ne. Ga kuma farashi, Haste, surkullen ƙara sauri, na ƙara wa wanda aka yi wa shekara 1 ta tsufa, Wish, surkullen cika buri, na cin shekara 5 na mai yin sa, haddar kowane surkulle minti 10 ne sau matakinsa (surkulle ma yana da nasa matakin ƙarfi), babban matsafin da ya ƙarar da kayansa sai ya kwashe fiye da yini yana karatu.

A 2000 bugu na 3 ya fito, kuma a ganina nan ne komai ya juya, ba da doka ɗaya ba, da ƙananan gyare-gyare da kowannensu in ka ɗauke shi shi kaɗai za ka ce ai daidai ne. Aka daina faɗin niyya kafin zagaye, yawancin surkulle ya zama kana furtawa yana aiki a layinka. In maƙiyi ya matse ka, ka ja da baya taku ɗaya na ƙafa 5, ba wanda zai samu damar taɓa ka, ka saki abinka. In ba wurin ja da baya akwai gwajin natsuwa, jifan dayis da ake son ya kai 15 a tara da matakin surkullen, wanda kafin a yi nisa ya zama ba a ma faɗuwa. Kowa ya koma hawa mataki da maki iri ɗaya, tsufan nan na Haste ya tafi, shirin safe ya dawo awa 1 komai yawan surkullen, kuma duk hawan mataki matsafi na samun sababbi 2 kyauta.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne jifan tsira. A da mayaƙin mataki na 1 sai ya jefa 17 kafin ya tsira daga tsafi, amma a mataki na 17 lamba 6 ta ishe shi, wato yana girma tsafi na daina cin sa, ya zama irin gwarzon da ake jifa yana tahowa. A bugu na 3 matsafi ne ke ɗaga lambar, 10 a tara da matakin surkulle da ƙarin da kaifin basirarsa ke ba shi. Ka ɗauki surkullen mataki na 9 a hannun mai basira 30, wadda ke ba shi ƙarin 10, lambar ta zama 29, mayaƙin mataki na 20 kuwa 6 ne asalin ƙarfin zuciyarsa da yake tarawa da abin da ya jefa, sauran sai dai kayan tsafin da ya rataya su cike masa. Lissafin ya kife gaba ɗaya.

Kuma maganar gaskiya mu 'yan wasa ne muka so haka. Tebura da yawa sun riga sun watsar da lissafin sauri da lokacin hadda tun kafin 2000 don suna cin lokaci, kuma ba mai jin daɗin ya yi awa guda yana jira sannan surkullensa ɗaya ya zube a ƙasa. Ni ma da nake jan wasa na sha kau da kai don kar ran abokina ya ɓaci.

Abin da ya biyo baya duk faci ne. Bugu na 4 a 2008 ya ba kowa iko iri ɗaya, na kullum, na faɗa ɗaya, na yini ɗaya, ya daidaita ɗin amma da yawa suka ce tsafi ya daina kama da tsafi. Bugu na 5 ya hana riƙe surkulle mai buƙatar natsuwa fiye da ɗaya, ya ba manyan dodanni damar ƙin faɗuwa sau 3 a yini, ya gina lissafi kan faɗa 6 zuwa 8 kafin dogon hutu, abin da tebura kaɗan ne ke yi. Dokar zaɓin da ta mai da gajeren hutu awa 8, dogon hutu kwana 7, tana taimakawa sosai. Makin tsafi kuwa, wato a ba matsafi maki ya kashe su a kan surkullen da ya ga dama, a ganina ƙara wa matsafi sakewa yake yi. Galibin waɗannan yawan tsafin suke ragewa, ba su dawo da haɗarin furtawa ba, har yau a bugu na 5 kana iya sakin Fireball maƙiyi na tsaye a hancinka ba tare da ya samu damar sara ba. Wasanni irin su Dungeon Crawl Classics na 2012 da Shadowdark na 2023 ne suka koma wajen, sai ka jefa dayis kafin tsafi ya kama, kuma yana iya ƙi.

A teburina abu ɗaya na dawo da shi, duk surkulle daga mataki na 3 zuwa sama a layinka za ka fara, sai layinka na gaba ya fita, in an same ka a tsakani ka yi gwajin natsuwa. A zama na biyu da fara wannan, mai matsafin ta ɗaga hannu za ta fara, sai ta tsaya ta dubi mai mayaƙin ta ce ya tare mata bakin ƙofar nan zagaye ɗaya kawai, ya tura ɗan gunkinsa gaba ya ce ta fara.