Mene ne shruti a kiɗan Indiya?

Kafin mawaƙin gargajiya na Indiya ya buɗe baki, akwai wanda ke zaune a gefensa yana murɗa tsirkiyoyin tanpura, wata irin garaya mai dogon wuya, har ta fitar da amon da mawaƙin zai ɗora muryarsa a kai. Wannan amon tushe shi mawaƙan yau, musamman na kudancin ƙasar, ke kira shruti. Idan aka ce wane ya fita daga shruti, muryarsa ce ta kauce. Amma kalmar tana da ma'anar da ta girmi wannan. A harshen Sanskirit tana nufin abin da aka ji, kuma a wurin magabatan masana kiɗa, shruti shi ne mafi ƙanƙantar tazara tsakanin sautuka biyu da kunne zai iya rarrabewa.

Littafin da ya fara shimfiɗa wannan ilimi filla-filla shi ne Natyashastra, wanda ake jingina wa wani masani mai suna Bharata. Masana suna ganin an rubuta shi tsakanin ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa da ƙarni na 2 bayanta. A cikinsa sautuka bakwai ne: sa, ri, ga, ma, pa, dha, ni. Daga sa zuwa sa na sama akwai shruti 22, kuma ba a raba su daidai ba. Idan aka auna kowane sauti daga wanda ke ƙasa da shi, sa na da 4, ri 3, ga 2, ma 4, pa 4, dha 3, ni 2. Wannan tsari shi ne shadja grama. A tsari na biyu, madhyama grama, ana rage wa pa shruti ɗaya a ƙara wa dha. Sautukan da tazararsu ta kai 9 ko 13, kamar sa da ma ko sa da pa, su Bharata ya ce suna jituwa.

To, yaya aka auna abin da ba a gani? Nan ne na fi jinjina wa mutanen nan. Bharata ya ce a kawo kayan kiɗan da ake kira vina guda biyu masu girma ɗaya, a daidaita su sak bisa shadja grama. A zamanin, vina tana da tsirkiyoyi da yawa, kowace da sautinta. A bar ɗaya yadda take. A ɗayar kuma a sassauta pa har ya zama na madhyama grama, sannan a sauke sauran tsirkiyoyin gwargwadon haka. Shruti ɗaya ke nan. A saukewa ta biyu, ga da ni na vinar da ake sassautawa za su faɗa kan ri da dha na wadda aka bari. A ta uku, ri da dha su haɗu da sa da pa. A ta huɗu, sa da ma da pa su sauka kan ni da ga da ma. Babu awon tsawon tsirkiya a nan, babu lissafin kaso irin na Girkawa. Kunne ne alƙali, kuma duk makaɗin da ke shakka zai iya zama ya gwada da hannunsa.

A ƙarni na 13, Sharngadeva, wanda ya rayu a fadar Devagiri ta Indiya, ya jero sunayen shruti 22 ɗin a Sangita Ratnakara. Har yau dai masana na jayayya kan ko shruti duk girmansu ɗaya ne ko sun bambanta.

Maganar ba ta tsaya a takarda ba. Harmoniya, akwatin kiɗan nan mai zugazugi da ya zo daga Turai, sautuka 12 kawai take da su a kafe daga sa zuwa sa na sama, ba ta iya zamewa tsakaninsu yadda murya ke yi. Wannan na cikin dalilan da suka sa gidan rediyon All India Radio ya haramta ta daga 1940 zuwa 1971.