Kiyaye Titi da Gyaransa

Kiyaye titi shi ne aikin da ake yi wa hanya tun tana da ƙwarinta domin ta daɗe, gyara kuwa sai bayan ta lalace. Titin kwalta hawa-hawa ne: daɓaɓɓiyar ƙasa, sai tsakuwa a kanta, sai gaurayen kwalta da tsakuwa da yashi a sama.

Tarihi

Romawa sun fara shimfiɗa hanyar Via Appia a shekara ta 312 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma sukan ɗaga tsakiyar hanya domin ruwa ya gangara gefe. A Faransa, wajen shekarun 1760, injiniya Pierre Trésaguet ya rage kaurin dutsen da ake jerawa, ya kuma dage a riƙa kula da hanya kullum maimakon a jira ta mutu.

Wanda sunansa ya fi fita shi ne John Loudon McAdam (1756–1836), ɗan Sukotilan. A ganinsa ƙasa ce ke ɗaukar nauyi, muddin tana bushe. Saboda haka ya ɗaga hanya sama da filin da ke gefenta, ya zuba fasasshen dutse ƙanana masu kaifi, waɗanda ke cije juna idan an danne su. Da motoci suka zo, ƙura ta addabi irin wannan hanya. A 1902 Edgar Hooley ya yi rajistar dabarar gauraya dutse da kwalta a Ingila.

Abin da ke kashe titi

Ruwa ne kan gaba. Rana tana busar da kwalta har ta tsage, ruwa ya bi tsagar ya jiƙa ƙasan, taya ta danna, saman ya farfashe kamar bayan kada, daga nan sai rami. A ƙasashen sanyi ruwan yana daskarewa ya buɗe tsagar.

Sai lodi. Gwajin hanya da AASHO, ƙungiyar jami'an hanyoyin jihohin Amurka, ta yi a jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa idan nauyin da ke kan layin tayoyi ɗaya ya ninka biyu, ɓarnar takan kai kusan ninki 16. Shi ya sa ake auna manyan motoci.

Dabaru

Mafi araha su ne yashe magudanar ruwa da kwalbati, da cike tsaga da narkakkiyar kwalta tun tana siririya. Akwai kuma fesa kwalta a watsa tsakuwa a bi da rola, wanda ke toshe ruwa ya rage santsi. Facin rami ba ya ƙarko sai an yanke bakinsa, an share, an busar, sannan a zuba a daddaɓe. Idan saman ya gaji, akan kankare shi da inji a shimfiɗa sabo, tsohuwar kwaltar kuma a sake sarrafa ta. Idan ɓarnar ta kai ƙasa, sai sabon gini.

Kankare ko kwalta

Titin kankare, wato na siminti, ya fi daɗewa, kwalta ta fi saurin gyaruwa. Injiniyoyi sun sha bamban kan wanda ya fi araha a ƙarshe.