Waiwaye: Yadda Haƙƙin Sojan da Ya Nakasa Ya Rataya a Kan Takarda

Dokar da ake dogaro da ita wajen biyan sojan Najeriya da ya nakasa a bakin aiki ta girmi yawancin samarin da ke riƙe da bindiga a Sambisa da dazukan Zamfara a yau. Dokar soja ce mai lamba 103 ta shekarar 1979, wadda gwamnatin Janar Obasanjo ta bari tana gab da miƙa mulki ga Alhaji Shehu Shagari, aka kuma mai da farkon aikinta baya zuwa 1 ga Afrilun 1974. An yi ta ɗora mata ƙa'idojin aiki da takardun umarni, amma har gobe ita ce ginshiƙin abin da Hukumar Fanshon Soja da ke Dutsen Alhaji a Abuja take biya. Duk wanda yake mamakin ganin dattijo mai dogara sanda yana yawo da fayil a cikin leda daga wannan ofis zuwa wancan, to amsar tana cikin yadda aka gina tsarin tun asali. An gina shi ne don lissafin shekarun aiki. Maganar rauni da jinya kuwa, sai bayan an gama kowane yaƙi ake tunawa da ita, a liƙa ta a gefe.

Zamanin Turawa ba ya buƙatar dogon bayani. Dubban 'yan Arewa sun shiga rundunar Afirka ta Yamma, wadda Hausa ce ma harshen bayar da umarni a cikinta, aka kwashe su a runduna ta 81 da ta 82 zuwa Burma a Yaƙin Duniya na Biyu. Da suka dawo aka sallame su da ɗan abin da bai kai na takwarorinsu fararen fata ba. A 1946 aka kafa ƙungiyar kula da jin daɗin tsofaffin sojoji, a 1964 kuma doka ta kafa ƙungiyar 'yan mazan jiya ta Nigerian Legion. Da yawansu gadi da masinja suka kama. Shi ya sa har yau idan ka ga tsoho da kaki da hula a ƙofar banki ko makaranta, sau da yawa ɗan wannan ƙungiya ne.

Yaƙin Basasa shi ne ya kawo matsalar da girmanta. Kafin 1967 sojojin ƙasar nan ba su wuce kimanin 10,000 ba. Ranar da aka ajiye makamai, 15 ga Janairun 1970, sun kai wajen 250,000. An ɗebi mutane cikin gaggawa, wani daga gona, wani daga tasha, aka ba su horo na 'yan makonni aka tura su daga. Rundunar da ta ninka haka cikin wata talatin ba ta da lokacin rubuta wanda harsashi ya sama a Onica ko a Owerri, da ranar, da shaidun da ke wurin. Bayan yaƙi aka tara masu munanan raunuka a cibiyar Oshodi da ke Legas, wadda daga baya ta koma wurin koya wa sojoji masu shirin ritaya sana'a. Daga 1975 kuma aka shiga rage yawan soja. A nan aka raba mutane gida biyu: waɗanda likitoci suka rubuta sun nakasa, da waɗanda aka ce lafiyarsu ƙalau. Na farko doka ta yi musu tanadi na daban. Na biyu sai an ƙirga shekarunsu, kuma a lokacin sai mutum ya cika shekara 15 kafin ya ci fansho. Sai a 1992 aka sauko da ita zuwa 10. Akwai tsofaffin da aka sallama a ƙarshen shekarun 1970 da har yanzu suke fitowa da kwalaye suna cewa ba a taɓa biyan su ko kwabo ba, suna kafa hujja da cewa shekarar yaƙi biyu ake ƙirga ta. Waɗanda suka yi yaƙi a ɓangaren Biyafara kuwa sai a 2000 Obasanjo ya mai da korarsu ta zama ritaya.

Ya kamata a tsaya a kan wannan rabo, domin shi ne zuciyar maganar. Kafin a biya soja kuɗin nakasa, abu biyu ake nema. Na farko, kwamitin likitocin soja ya duba shi, ya yanke yawan nakasar da kaso cikin ɗari. Na biyu, a tabbatar aiki ne ya jawo ta. Na biyun nan ne ke kā da mutane. Tabbacin yana fitowa ne daga rahoton da bataliyarsa ta rubuta lokacin da abin ya faru, da katin asibitin da aka fara kwantar da shi, da binciken da aka yi idan haɗari ne. Idan waɗannan suka shiga fayil, hanya ta miƙe. Idan ba su shiga ba, ko suka ɓace a sauyin bariki, to ciwon yana jikinsa amma a idon hukuma babu shi. Sannan shi kansa sojan ba ya ɗokin zuwa gaban kwamitin, saboda kwamitin da zai rubuta masa kaso shi ne kuma zai iya cewa bai dace da aiki ba a sallame shi. Ga mai shekara 28 da mata da 'ya'ya uku a bariki, gaba kura ce baya sayaki. Da yawa sukan daure, su ci gaba da fareti da ɗingishi, su yi ritaya a matsayin masu lafiya, sai shekaru sun ja ciwon ya dawo da ƙarfinsa.

Akwai wani tsohon saje a unguwarmu, can bayan Kubwa, da ɓaraguzan ƙarfe suka zauna masa a ƙugu tun yaƙin Laberiya. Hoton da aka ɗauka a asibiti yana nuna su ɓaro-ɓaro, kamar an watsa tsaba. Na taɓa raka shi wani ofis. Ya kwance ledarsa ya jera takardar sallama, da katin shaida, da hotunan asibiti, da wasiƙar da wani ya buga masa a shagon kwamfuta. Matashin da ke teburin ya duba su ɗaya bayan ɗaya cikin ladabi, sannan ya ce, "Baba, rahoton ranar da abin ya faru fa? Shi ne babu a nan." Tsohon ya ce, "Ɗana, ranar da abin ya faru a bayan mota aka kwaso mu, mu bakwai, uku ba su kai asibiti ba. Wa ke ta takarda?" Yaron ya yi shiru, don ba shi da abin cewa, kuma ba laifinsa ba ne. Abin da aka ce ya nema a fayil shi yake nema.

Yaƙe-yaƙen Laberiya da Saliyo, a shekarun 1990, sun dawo da wani sabon ayarin masu rauni a lokacin da gwamnatocin soja ba sa ma son a faɗi adadin waɗanda suka mutu a ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma. Wani abu da ya faru a 2000 ya nuna yadda ake kallon mai rauni idan ya buɗe baki. An kai wasu sojojin ECOMOG fiye da 20 jinya Alƙahira, suka yi ƙorafi a kan alawus da kulawar da ake ba su, aka dawo da su aka gurfanar da su gaban kotun soja da laifin bore, aka yanke musu hukunci mai tsanani. Sai a 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe hukuncin. A waɗannan shekaru ne kuma mazauna Abuja suka saba ganin tsofaffin sojoji suna kwana a kan kwali a gefen titi da ƙarƙashin gada, sun zo daga jihohi bin fansho da tantancewa, kuɗin komawa ya ƙare.

Gyaran fansho na 2004 ya saka sojoji cikin tsarin adashi, inda soja ke zuba kashi 2.5 na albashinsa gwamnati ta zuba 12.5. Bai karɓe su ba, kuma dalilin a fili yake: wanda bam ya cire wa ƙafa a shekararsa ta huɗu da shiga aiki, me ya tara a asusun? A 2011 aka gyara dokar aka fitar da su, suka koma tsohon tsari inda gwamnati ke biya kai tsaye daga baitulmali. Adalci ne a faɗa cewa daga nan biyan fansho na wata-wata ya daidaita fiye da da, kuma kwana a titi don jiran kuɗin wata ya ragu ƙwarai.

Ɓangaren lafiya ya fi jinkiri. Sai a 2005, da aka ƙaddamar da inshorar lafiya ta ƙasa, aka kafa kamfanin DHML don ya kula da ta sojoji, kuma da masu kaki a jiki aka fara. Shekaru bayan haka aka shigar da waɗanda suka yi ritaya, da matar mutum da 'ya'ya huɗu da ba su kai 18 ba. Babban ci gaba ne, domin kafin nan tsohon soja da ya bar bariki ya bar asibitinta ke nan, sai dai alfarma. Yadda abin yake, mutum zai zaɓi asibiti guda ya yi rajista. Zazzaɓi da hawan jini da ciwon suga a nan za a duba shi. Idan abin ya kai ga tiyata ko ganin ƙwararren likita, sai asibitin ya nemi lambar izini daga masu inshora kafin a taɓa shi. Wanda ya taɓa zama a benci yana jiran wannan lamba ya san yadda rana ke tafiya: a ce sabis ya ɗauke, a ce a dawo bayan azahar, lambar ta iso likita ya tashi. A kantin magani kuma a ce wannan babu, a rubuta maka ka saya a waje. Mazaunin Abuja ko Kaduna ko Jos, da ke kusa da asibitin soja, yana da sauƙi. Wanda ya koma ƙauyensu a Kebbi ko Yobe, kuɗin motar zuwa asibitin da ke karɓar katin kan fi kuɗin maganin.

Kuma inshora an tsara ta ne don cutar da ke zuwa ta wuce. Nakasa ba ta wucewa. Ƙafar roba ba sau ɗaya ake sa ta ba. Dungulmin yana ramewa yana sauya siffa, makwancin ya daina zama daidai ya fara cin fata, bayan 'yan shekaru dole a sake wata. Haka keken guragu, haka na'urar ji ga wanda ƙarar igwa ta kashe wa kunne. Muddin mutum yana cikin aiki rundunarsa ce ke ɗauka. Bayan sallama ne ake yawan jin kuka, domin a nan ne kowane ofis yake iya nuna na gaba.

Rikicin Boko Haram, daga 2009, ya sauya irin masu raunin. Yanzu yara ne, kuma bama-baman da ake binnewa a hanya su ne ke yanke ƙafafu. Daga asibitin runduna ta 7 da ke Barikin Maimalari a Maiduguri akan wuce da masu tsanani zuwa asibitin soja na 44 da ke Kaduna, inda wasu kan shafe watanni. A wannan zamani ne kuma aka fara faɗin abin da da ake rufewa da cewa wane ya faye shaye-shaye ko aljanu sun taɓa shi. A Oktoban 2022, wajen aza harsashin cibiyar kula da firgicin bayan yaƙi da ƙungiyar matan hafsoshi ta ɗauko a Giri, Aisha Buhari ta faɗa a bainar jama'a cewa mijinta ya yi shekaru yana fama da irin wannan bayan Yaƙin Basasa da tsarewar da aka yi masa. Maganar ta yi amfani, ko ba komai ta rage kunyar zuwa asibiti. Amma ciwon da hoto ba ya nunawa ya fi kowanne wuyar rubuta wa kaso. A 2023 Najeriya ta tura sojoji masu rauni wasannin Invictus na sojojin da suka nakasa a Jamus, a Mayun 2024 kuma Yarima Harry na Birtaniya, wanda ya kafa wasannin, ya zo Abuja ya kuma ziyarci majinyatan asibitin 44. An ɗauki hotuna masu kyau. Ko kaɗan ban raina wannan ba, sai dai waɗanda ke kaiwa ga filin wasa 'yan ƙalilan ne.

Idan aka bi abin da tsofaffin sojoji suka samu a shekarun baya-bayan nan, kusan duk da zaman dirshan suka same shi. Ariyas, wato bashin ƙarin albashin 2010, ya ɗauki shekaru ana ja. Alawus ɗin da ake biya don kada tsohon soja ya yi amfani da ƙwarewarsa a kan ƙasa, wanda aka fara a 2017, da farko bai haɗa da waɗanda suka riga suka yi ritaya ba, sai da suka yi ta fitowa kafin Buhari ya amince da naira biliyan 134.7 a 2022. A Disambar 2024 da Janairun 2025 sun sake shimfiɗa tabarmi a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi suka hana shiga da fita. Abin lura shi ne abin da ke rubuce a kwalayen: ariyas, ƙarin kaso, alawus. Buƙatu ne da suka shafi kowa, shi ya sa suke tara ɗaruruwa. Sake duba kason nakasar wani kofur, ko sauya masa ƙafar roba, matsalar mutum ɗaya ce, kuma mai ita sau da yawa ba zai iya hawa mota daga Zuru ko Biu ya kwana uku a kan kwalta ba.

A Amurka tun 1989 harkar tsofaffin sojoji take da ma'aikata sukutum mai asibitocinta. A nan kuwa an rarraba ta. Tarihin aikin mutum da rahoton rauninsa suna hedikwatar rundunarsa, kuɗinsa yana Dutsen Alhaji, jinyarsa tana hannun DHML, sashen kula da tsofaffin sojoji kuma yana cikin Ma'aikatar Tsaro. An daɗe ana maganar sauya dokar Nigerian Legion a kafa tarayyar tsofaffin sojoji mai faffaɗan iko, kuma hukumar fansho ta fara gwada tantancewa ta waya don rage wa tsofaffi tafiya. Duka biyun za su rage wahala. Amma babu ɗayansu da ya taɓa tambayar da ta tsai da saje a gaban tebur, wato wa zai ɗauki nauyin kawo hujja idan hukuma ce da kanta ba ta rubuta ba, ko ta rubuta ta ɓatar.