Gada tsakanin Fisk da Vanderbilt: yadda jami'o'in Amurka ke haɗa hannu don tsiraru su shiga kimiyya

Mece ce matsalar da ake son magancewa?

Baƙaƙen fata sun kai kusan kashi 13 cikin 100 na al'ummar Amurka, amma a cikin masu kammala digirin farko na injiniya ba su wuce kashi 4 zuwa 5 ba. Haka abin yake ga 'yan asalin Latin Amurka da ƙabilun ƙasar na asali. Da an hau matakin digiri na uku a fannoni irin su kimiyyar taurari, sai adadin ya ƙara ƙanƙancewa. Tushen abin wariyar launin fata ce, wadda ta daɗe tana rufe wa baƙaƙe ƙofofin manyan jami'o'in kudancin ƙasar.

To, ina haɗin gwiwa ya shigo?

Akwai kwalejoji kusan 100 da aka kafa wa baƙaƙe a wancan zamani. Suna da ɗalibai masu ƙwazo da malamai da suka san su ɗaya bayan ɗaya, amma yawancinsu ba su da manyan ɗakunan bincike. Ɗaya daga cikinsu, Jami'ar Fisk da ke birnin Nashville, wadda aka kafa a 1866, ba ta bayar da digiri na uku. Jami'ar Vanderbilt mai arziki kuwa tana nan kusa, tafiyar kusan kilomita 3. A 2004 Keivan Stassun, masanin taurari a Vanderbilt, da Arnold Burger na Fisk suka jagoranci kafa shirin gada tsakanin makarantun biyu.

Yaya shirin yake tafiya?

Ɗalibi yana yin digiri na biyu a Fisk na shekara biyu, ana biya masa kuɗin makaranta, ana kuma ba shi alawus. A wannan lokaci yana ɗaukar darussa a Vanderbilt, yana aiki a ɗakunan bincikenta. Kafin ya nemi gurbin digiri na uku a Vanderbilt, malaman da za su duba takardunsa sun riga sun ga yadda yake yi idan gwaji ya ƙi fitowa. Wannan, a ganina, shi ne ƙashin bayan shirin. Masu shirin ba su dogara da makin GRE, wato jarrabawar neman shiga karatun gaba da digirin farko, ba, domin sun lura tana tace mata da tsiraru tun kafin a ga aikinsu. Sun fi son hira da ɗalibi su ji yadda ya jure wahalar da ya taɓa gamuwa da ita.

Kwalliya ta biya kuɗin sabulu?

Ta biya. Fabienne Bastien, wadda ta bi ta wannan gada, ta jagoranci wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2013, inda ta nuna cewa ana iya auna ƙarfin jan nauyi a saman tauraro ta hanyar lura da ƙyaftawar haskensa. Jedidah Isler kuma ta tashi daga Fisk ta tafi Jami'ar Yale, ta kammala digiri na uku a kimiyyar taurari a 2014.

Akwai wasu irinsa?

Akwai, har ma waɗanda suka girme shi. Tun 1969 ɗaliban kwalejojin baƙaƙe na Morehouse da Spelman a Atlanta ke yin shekara uku a kwalejinsu, su ƙarasa biyu suna karatun injiniya a jami'ar Georgia Tech, su fita da digirin farko guda biyu. Hukumar NSF mai ba da kuɗin binciken kimiyya ta fara haɗa jami'o'i rukuni-rukuni a 1991, daga baya aka sa wa shirin sunan ɗan majalisa Louis Stokes.

Hukuncin kotu na 2023 fa?

A watan Yunin 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta hana la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, a shari'ar da ta shafi Harvard da Jami'ar North Carolina. Hukuncin bai hana makarantu biyu ƙulla yarjejeniya ba, sai dai dole ƙofar ta kasance a buɗe ga kowa. Abin da ya fi yi wa irin waɗannan shirye-shirye illa shi ne kuɗi: a 2025 gwamnatin Trump ta soke ɗaruruwan tallafin NSF da suka shafi shigar da tsiraru cikin kimiyya.