Roba, katako da gam: amsoshin tambayoyin da 'yan kulob suka ishe ni da su

Na daɗe ina horar da yara da manya wasan ƙwallon tebur a nan Kano, kuma da wuya mako ya wuce ba a tare ni da waɗannan tambayoyin ba, wani lokacin tun ban ajiye jakata ba. Ga amsoshin a rubuce, domin wanda ya sake tambayata in nuna masa.

Koci, in sayi bat ɗin da aka riga aka haɗa, irin na cikin leda?

A'a, matuƙar koyo ne ya kawo ka kulob. Robarsa ba ta riƙe ƙwallo yadda ya kamata, kuma ranar da ta mutu da wuya ka iya ɓamɓare ta ba ka lalata katakon ba. Ka sayi katako daban, roba biyu daban.

Wace roba Aruna Quadri yake sakawa?

Wannan tambaya ta fi kowace ba ni haushi. Aruna, ɗan wasan Najeriya, ya doke Timo Boll na Jamus a gasar Olamfik ta Rio a 2016, ya zama ɗan Afirka na farko da ya kai zagayen 'yan takwas, kuma shekarun atisaye ne suka kai shi. Ko yau ya miƙa maka bat ɗinsa kyauta, sabis uku ba za ka mayar a kan tebur ba, domin an haɗa shi ne don hannun da ya fi naka sauri nesa ba kusa ba.

To, katako mai kabon fa?

Ba yanzu ba. Dokar ITTF, hukumar ƙwallon tebur ta duniya, ta ce aƙalla kashi 85 cikin ɗari na kaurin katakon dole ya zama itace, ragowar ne ake cusa kabon domin ƙarin gudu. Mai koyo ya nemi katako zalla mai falle biyar wanda aka rubuta wa ALL, wato mai matsakaicin gudu, irin Stiga Allround Classic, domin shi ne zai bar ka ka ji ƙwallon a tafin hannunka.

Robar Sin mai danƙo zan saka, ko ta Japan da Jamus mai tsalle?

A nan ba ni da amsa guda, kuma wanda ya ba ka amsa guda bai kalli wasanka ba. Robar Sin, irin Hurricane 3 ta kamfanin DHS, fuskarta danƙo gare ta kuma soson da ke ƙarƙashin fuskar da tauri, saboda haka tana murɗa ƙwallo ƙwarai a sabis da gajeren wasa kusa da raga, amma ba ta ba da gudu kyauta. Sai ka sa ƙafa da ƙugu a kowane bugu, in ba haka ba ƙwallon ya faɗa raga. Gaskiya ne Ma Long, gwarzon ɗan wasan ƙasar Sin, da ita ya riƙa bugun gaban hannu, sai dai wadda ake ba 'yan wasan ƙasar Sin ba iri ɗaya ba ce da wadda ke kasuwa. Ita kuwa roba mai tsalle, kamar Tenergy 05 ta Butterfly ko Rakza 7 ta Yasaka, da ɗan taɓawa ƙwallo ya tashi, wanda hakan yana da daɗi a ranar farko, amma tana ɓoye kasalar ƙafa, tana da tsada, kuma idan abokin karawa ya murɗo sabis takan cilla ƙwallon waje kafin ka ankara.

Sannan akwai abin da masu rubuta bayanin roba a Turai ba su lissafa da shi, wato yanayin garin nan. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga zaure ko an rufe tagogi, ƙwallo ya gangara a kan siminti ya kwaso ta, danƙon roba kuma ya riƙe. Wani yaro ya zo mini a watan Janairu da sabuwar Hurricane, yana ɗora ta a kan ƙwallo tana ɗaga shi sama saboda danƙo, abokansa suna ta kallo; kafin mu yi rabin sa'a baƙar robar ta yi furu-furu kamar ƙafar da ba a shafa wa mai ba, kuma duk ƙwallon da ya ɗaga sai ya sulale ƙasa. Robar ba ta lalace ba, gogewa kawai take so, amma sai ka lamunci huci a kanta da share ta da tafin hannu kusan bayan kowane maki. A watan Agusta kuma laima ce matsalar, domin danshi yana kwanciya a fuskar roba ƙwallo ya riƙa zamewa, kuma wannan ba ya barin kowace iri.

Saboda haka, idan ba ka kai shekara biyu kana wasa ba, ni dai zan ce ka bar duka biyun ka saka roba matsakaiciya irin Mark V ko Sriver mai soso milimita 1.8 zuwa 2.0 a kowane gefe. Idan ka wuce nan, kana atisaye kwana huɗu a mako, kana kuma da haƙurin tsaftace roba, Hurricane a gaban hannu da roba mai laushi a bayan hannu haɗi ne mai kyau, kuma ya fi sauƙi ga aljihu. Idan kuwa sau ɗaya kake zuwa a mako, ko gwiwa ta fara ciwo, mai tsalle za ta fi yi maka adalci. Duk da haka na ga waɗanda suka saɓa wa wannan shawara suka ci riba, don haka ka ari bat ɗin abokinka ka buga da shi kwana biyu ko uku kafin ka fitar da kuɗinka.

Dole ne ja da baƙi?

Gefe ɗaya dole baƙi. Tun daga Oktoban 2021 an yarda ɗaya gefen ya zama ja, shuɗi, kore, ruwan hoda ko shunayya. Launi ba ya ƙara maka maki.

Zan iya mannawa da gam ɗin masu faci?

Kada in sake ganin haka a zaurena. An haramta gam mai ƙamshin sinadari tun 2008, kuma super glue yana kashe soso ya ci fuskar katako. Gam na ruwa ake amfani da shi: ka shafa siriri a katako da soso, ka jira farinsa ya washe, ka ɗora daga wajen mariƙi zuwa sama, ka murza da kwalba, sannan ka yanke gefen da almakashi mai kaifi.

Robata ta wata shida, ta mutu ke nan?

Kwantar da hankalinka, ba a auna ta da kalanda. Ka goge ta da ɗan ruwa, ta bushe, sannan ka ja ƙwallo a hankali daga gefe zuwa tsakiya; idan ya kama a gefe amma ya sulale a tsakiya, lokacin canji ya yi. Yawancin robar da ake kawo mini da sunan ta mutu kashe ta aka yi, domin an bar bat a cikin mota ko a ƙarƙashin kujerar babur cikin ranar Afrilu. Ka rufe fuskarta da leda bayan wasa, ka sa bat a gidansa, kuma idan za ka sayi sabuwa ka duba tambarin ITTF a gindinta tare da neman sunanta a jerin robobin da hukumar ta amince da su, domin jabun Tenergy sun yi yawa, kuma arharsu ce take fara tona musu asiri.